Malamai, wannan "duba kai bayan darasi" da ake ta faɗa mana, akwai mai yi da gaske?

Malamar_Aji4:

Assalamu alaikum malamai. Don Allah tambaya gare ni, kuma na fi son amsar waɗanda suke shan ƙurar alli da gaske, ba ta masu zaman ofis ba.

Ina koyar da aji huɗu a wata firamaren gwamnati a Kano, takardar shaidar malanta ta NCE gare ni, ban daɗe da kama aiki ba. Kwanakin baya aka tura mu bita, aka ce daga yanzu duk malamin da ya gama darasi ya zauna ya duba kansa, me ya yi daidai, me ya kuskure, me zai gyara gobe, ya rubuta a ƙasan lesin not, wato littafin shirin darasi. Muna dawowa hedimasta ya mai da abin doka, ba ya sa hannu a littafinka sai ya ga wurin a cike. To yanzu kowa abu ɗaya yake rubutawa, "darasi ya tafi lafiya, yara sun fahimta", akwai ma wadda tun ranar Litinin take cike na sati guda kafin ta taka ƙofar ajin, kuma ana sa mata hannu lafiya lau.

Ni dai abin bai kwanta min ba amma kuma ban san me zan rubuta ba, yarana sun haura tamanin, ana buga ƙararrawa wani darasin ya shigo, in an tashi ga makin ɗin littattafan yara ga girki ga nawa yaran a gida. Shin abin nan yana da amfani ko dai irin kayan bita ne da ake ɗauko mana daga waje a yi shekara a manta? In yana da amfani yaya ake yinsa? Kuma wa nake rubuta wa, ni ko sufeto?

Tsohon_Hedimasta:

Wa alaikumus salam 'yata. Tambayarki ta ƙarshe ita ce babba, bari in fara da ita. Duk abin da mutum ya san shugabansa zai karanta ya sa hannu, to ba zai rubuta gaskiya a ciki ba, ba don shi maƙaryaci ba ne, haka ɗan Adam yake. Wa zai rubuta "yau rabin aji ba su gane ba" alhali fayil ɗinsa na ƙarin girma yana hannun mai karantawa? Don haka ki bar musu wancan wurin ki cike musu yadda suke so, ki sayi ƙaramin littafi mai shafi arba'in ki sa a jaka, wannan naki ne ke kaɗai, ko mijinki ba sai ya gani ba.

Sai kuma abin da za ki rubuta. Kada ki rubuta yadda kika ji a ranki, don ran malami yaudararsa yake. Ranar da kika yi bayani mai daɗi murya ta fita, yara suka yi tsit, sai ki fito kina jin kin koyar, alhali wataƙila kallonki kawai suke. Kuma wannan "kun gane?" da muke yi su amsa "eeeh!" da ƙarfi har ajin kusa su ji, daidai yake da mai tuwo ta tsaya a kan baƙo tana tambayarsa ko miya ta yi daɗi, me kike so ya ce?

Ga abin da nake sa malamaina su yi lokacin ina aiki. In kin ba da aikin aji, ba sai kin duba tamanin a take ba. Ɗauki littafi shida, biyu na masu ƙoƙari, biyu na 'yan tsakiya, biyu na waɗanda ke zama can baya jikin bango. Kada ki tsaya a kan nawa suka ci, ki kalli irin kuskuren. Misali kin koyar da ɗebewa mai aro, kin ba su 52 a ɗebe 38. Amsa 14 ce. Za ki ga yaro ya rubuta 26. Malamin da ke sauri zai ja jan biro ya wuce yana cewa daƙiƙi ne, amma ki tsaya ki duba, yaron nan ya yi lissafi, ya ga 2 a sama 8 a ƙasa sai ya juya ya ɗebe 2 daga 8 ya samu 6, ya ɗebe 3 daga 5 ya samu 2. Wato yana bin wata doka da ya ɗauka a kansa, cewa kullum ƙarami ake cirewa daga babba, kuma sau da yawa daga bakinmu ya ji ta tun aji ɗaya, mu ne muke cewa "ba a cire babba daga ƙarami". Wani kuma zai rubuta 24, shi ya yi aron amma ya manta ya rage 5 ɗin ta koma 4. Waɗannan yara biyu ba magani ɗaya suke buƙata ba. In kin ga 26 a littafi huɗu cikin shida, to gobe ba sabon darasi za ki shiga ba ko me sikim, wato jadawalin darussan zango, ya ce, tsinken tsintsiya za ki sa su ɗauro goma goma, ki sa su kwance ɗauri ɗaya da hannunsu su ga daga ina aron yake fitowa.

Abin da za ki rubuta a littafinki layi biyu ne, "yawanci sun samu 26, suna juya lamba, gobe tsinke". Shi ke nan. Ba ya cin minti biyar, ana yinsa lokacin tara yara na cin awara.

Mu da muka yi Gireti Tu, tsohuwar takardar shaidar malanta, a kwalejin horon malamai ba a ba abin nan wani babban suna ba, amma lokacin koyon koyarwa malaminka yana zaune a bayan aji da biro, kana fitowa kafin ya ce komai sai ya tambaye ka, kai me ka gani? In ka ce lafiya lau ya tafi, to ranar sai ka gwammace ba ka zo ba.

Dan_Alli_Zariya:

Baba Allah ya kara girma, maganarka gaskiya ce amma ni wlh abin nan yana bani haushi ta wani bangaren. kullum malami ne zai duba kansa. su waye zasu duba nasu kan? tsarin ilimi na kasa da kansa yace malami daya yara 35 a firamare, malama tace nata sun haura 80 kuma duk mun san akwai inda suka wuce dari, yara a kasa ba benci, rufin kwano rana ta daki aji kamar me, littafin karatu daya yara biyar, albashi ya shiga ka biya bashin mai shago ya kare kafin sati, da yamma ka hau mashin kayi acaba ko ka tafi gona sannan azo ace ka zauna kayi tunani akan darasinka. tunanin da nake yi bayan darasi na kudin mota ne gsky.

kuma mu nan Kaduna munga abinda ya faru a 2017, aka yiwa malamai wajen 33,000 jarabawa akace 21,780 basu kai maki 75 cikin dari ba aka sallame su, kungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018 abin bai canza ba. ban ce duk wanda aka kora ya iya aiki ba, akwai wadanda dan siyasa ne ya kawo sunansu kowa ya sani, amma tun daga lokacin duk malamin da na sani baya yarda ya rubuta rauninsa a takarda ko da wasa. to a irin wannan yanayin kace mutum ya rubuta inda ya gaza? yau littafin sirri ne gobe wani yazo daga ofis yace kowa ya kawo nasa a gani.

ni shawarata malama ki rubuta musu darasi ya tafi lafiya ki huta.

Hajiya_Malamar_Kwaleji:

Malam Ɗan Alli ban ƙi taka ba, ko ɗaya daga abin da ka lissafa ba ƙarya, kuma duba kai ba zai sa benci ya fito ba. Amma yaron da ya rubuta 26 ɗin nan gobe ma a gabanka zai zauna ko an gyara rufi ko ba a gyara ba, kuma bayanin da za ka sake yi masa minti goman nan ne dai za ka kashe, ko ka kashe su a kan abin da ya ɓata masa ko ka maimaita na jiya da ƙarar murya.

Ƙanwata, ni malamai nake koyarwa, kuma ina fita duba ɗalibai lokacin tiifii, wato koyon koyarwa a aji, don haka bari in ƙara kan na Baba. Asalin maganar da kuka ji a bita ba sabuwa ba ce, John Dewey na Amurka ya yi rubutu a kanta tun 1933, sannan Donald Schön a 1983 ya raba ta biyu, akwai tunanin da kake yi bayan an gama aiki, akwai wanda kake yi kana tsakiyar aikin. Na biyun nan shi ne masu bita ba su cika faɗa ba kuma shi ya fi dacewa da mai yara tamanin, wato kina cikin bayani kin ga idanu sun fara yawo, layin baya sun fara tsokanar juna, sai ki tsaya ki canza misali a take maimakon ki ce sai na kai ƙarshen abin da na rubuta. Tsofaffin malamai da yawa suna yi ba su ma san suna yi ba.

Abin da na ga ya fi girgiza ɗalibaina shi ne waya. Ki ajiye wayarki a kan tebur ki kunna rikodin na murya kawai, minti goma, ba bidiyo ba saboda 'ya'yan mutane ne, kuma kada ki tura wa kowa. Da dare ki sa a kunne kina wanke-wanke. Ki saurari abu ɗaya tak, in kin yi tambaya tsawon wane lokaci kike jira kafin ki amsa da kanki ko ki nuna wani? Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan a farkon shekarun 1970, ta samu malamai kusan daƙiƙa ɗaya suke jira. Da aka sa su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa ɗaga hannu suka fara ɗagawa, "ban sani ba" ta ragu. Yanzu ki ɗora wannan a kan yaronmu da yake jin tambaya da Turanci, ya mai da ita Hausa a kansa, ya nemo amsa, ya sake neman Turancinta, kafin ya gama Malama ta riga ta kira mai ƙoƙarin nan na layin gaba da take kira kullum.

Wani abin kuma, ki ɗauki rijista rana ɗaya ki riƙa ɗiga biro a gaban sunan duk wanda kika kira. Yawancin waɗanda na sa suka yi sun tarar yara biyar zuwa shida ne suke ɗauke da ajin, kuma in aji haɗe ne sau da yawa 'yan matan da ke gefe ɗaya ba a ko waiwayarsu, har malamai mata ma suna yin haka ba da niyya ba.

Waɗanda suka yi bitar SMASE, shirin lissafi da kimiyya da aka fara a 2006 da taimakon hukumar JICA ta Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato, za su tuna ana cewa ka tsara, ka yi, ka duba, ka gyara. A Japan ɗin ma abin da suka daɗe suna yi shi ne malamai su tsara darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar sauran su tsaya, amma ba malamin suke kallo ba, yaran suke kallo da abin da suke rubutawa. Shi ya sa babu jin kunya sosai a ciki, darasin na kowa ne. Mu kuwa da an ce za a shigo ajinka sai gaba ya faɗi don mun saba mai shigowa laifi ya zo nema.

Abu ɗaya za ki ɗauka a sati, kada ki haɗa duka.

Abu_Hafsa_Islamiyya:

Salamu alaikum. Malama kin ce ko daga waje aka ɗauko mana, to hanyoyin da Hajiya ta kawo na waya da rijista sababbi ne amma ɗabi'ar muna da ita. Aya ta 18 a Suratul Hashri ta ce kowace rai ta dubi abin da ta gabatar domin gobe, kuma an ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Malami kuwa amana ce a hannunsa, albashi ya yi kaɗan ko ya yi yawa.

Sannan ku duba makarantar allo da muke rainawa. Malam ba ya tambayar aji "kun haddace?" su amsa baki ɗaya. Kowane yaro sai ya zo gabansa da allonsa ya biya shi kaɗai, in bai zauna ba ba a ce ya wanke ba, ko da kuwa sa'anninsa sun yi gaba. Malamin kirki in ya ga yara da yawa suna tuntuɓe a waje ɗaya ya san daga biyawar ne, sai ya sake biya musu a hankali. A Islamiyya ma muna ganin haka, ajin da ake karatun taro da murya ɗaya za ka rantse kowa ya iya, ka ware yarinya ɗaya ka ce ta karanta sai ka ga bakinta kawai take motsawa tana bin na kusa da ita.

Sai dai ina jan hankali, akwai bambanci tsakanin hisabi da waswasi. Na san malamai, musamman sababbi masu tsoron Allah, da za su kwana suna cin ransu don yaro ɗaya bai gane ba, har aikin ya fita ransu. In za ki rubuta abin da bai yi ba ki rubuta wanda ya yi shi ma, don shi ma ana bukatar a san dalilinsa a sake shi. Kuma akwai abin da ba naki ba, yaron da ya zo bai karya ba ko yarinyar da aka ɗora wa talla ta makara, wannan ba salon koyarwarki ba ne, magana ce da iyaye.

Mushe_Maradi:

Gaisuwa ga malumma daga nan Nijar. Mu nan muna da abin da aka kira CAPED, malumman lakwal-lakwal, wato makarantun boko, na yanki guda su taru, guda ya bada darasi gaban yara, sauran su zamna baya, in an ƙare a yi mahawara, wani lokaci da kunseye, wato jami'i mai ba malumma shawara. Ka'ida ita ce wanda ya bada darasin shi ka fara magana, ya faɗi abin da ya gani ga aikinshi kahin kowa ya buɗa baki. Inda munka samu dattijo mai iya riƙon taro abin na da amfani ƙwarai, wanda bai samu horo mai yawa ba nan yaka koyon aiki. Inda babu, sai ya koma wurin nuna iya Faransanci, ana kama mutum da kuskuren nahawu an bar maganar yara, wanda anka kunyata sau guda kuma ba shi sake yarda ya tashi.

Matsalarmu guda da taku, yaro da Hausa ya tashi, darasi da Faransanci. Abin da ni ka yi, in na ƙare sai in kira yaro guda daga tsakiyar aji in ce ya gaya mani da Hausa mi munka yi yau, kamar zai gaya ma kakarshi. In ya maido mani jimlar da na rubuta ga allo da Faransanci tsaf, ban yarda ba, hadda ce. In ya faɗa da Hausa ko a karkace, to ya shiga. Daga bakinshi nika sanin mi zan sa cikin kaye, wato littahin shirin darasi, na gobe.

Malamar_Aji4:

Na gode ƙwarai, Baba Allah ya ƙara lafiya, Hajiya, Malam Abu Hafsa, Mushe, har Malam Ɗan Alli don ni ma kuɗin motar nan yana cikin lissafina. Na gwada na littafi shida a darasin rabawa, abin da na gani ya ba ni mamaki, biyun baya ba rabawar ce matsalarsu ba, ɗaya ma lambobin yake kwafa a juye daga allo, ina zargin ko ba ya gani sosai daga can ne, na dawo da shi gaba in gani. Rikodin kuma na yi amma hayaniya ta yi yawa da ƙyar nake jin muryata, sai dai na ji "ko ba haka ba?" tana ta fita daga bakina kuma su suna ta cewa haka ne.

Baba wata tambayar, in na tsaya maimaita darasi kamar yadda ka ce, sikim zai wuce ni, kuma in sufeto ya zo dayari yake dubawa, littafin da muke rubuta abin da muka koyar kowane sati, ya ga sati na nawa nake. Ya zan yi da wannan?

Tsohon_Hedimasta:

Yaron nan ki gaya wa uwarsa a kai shi a duba idon, kada ki tsaya a dawo da shi gaba kawai.

Maganar sikim, ba kowane darasi ake tsayawa a kai ba 'yata. Ki ware waɗanda wasu ke hawa kansu, ɗebewa mai aro, jadawalin sau, haɗa baƙi da wasali, waɗannan in sun wuce yaro duk abin da ya biyo baya ya wuce shi. Su za ki ba minti goman farko na darasin gobe sannan ki shiga na sikim, dayarinki bai yi ƙarya ba. Kuma ki je wurin hedimastanki da littattafan nan shida a hannu ki buɗe masa, kada ki je da baki kawai.

Dan_Alli_Zariya:

to naji, na littafi shida zan iya don dama makin din nake yi. amma nawa a kai zan rike bazan rubuta ba. Hajiya dakika ukun nan a aji mai yara dari in nayi shiru ai su zasu cike min shirun da surutu, ko akwai yadda ake yi?

Hajiya_Malamar_Kwaleji:

Akwai. Kafin ka yi tambayar ka ce kada kowa ya ɗaga hannu kada kowa ya yi magana sai ka sauke naka hannun, ka ɗaga shi sama ka ƙirga a zuci. Satin farko za su yi ta dariya, ka daure. In surutun ya fi ƙarfinka ka ce kowa ya faɗa wa na kusa da shi amsar tukuna, sannan ka kira suna daga rijista, ba daga masu ɗaga hannu ba.